Haɗa Jadawali Biyu da Mabuɗi Ɗaya: Darasi Daga Ƙofofin Katsina

Sau da yawa mai binciken halittu yakan tara bayanansa a jadawali biyu. A ce ɗalibi ya ƙidaya tsutsotsin sauro a kududdufan da ke Ƙofar Durbi, Ƙofar Sauri, Ƙofar Marusa da Ƙofar Ƙaura, abokinsa kuma ya auna zafin ruwan da zurfinsa a waɗannan wurare. Ba za a gane ko zafin ruwa na da alaƙa da yawan tsutsa ba sai an haɗa jadawalan, kowane layi da ɗan'uwansa. Abin da ake bi wajen haɗin shi ne ginshiƙin da jadawalan suka yi tarayya a kansa, wato sunan unguwa. Shi ake kira mabuɗi.

A manhajar R, wadda Ross Ihaka da Robert Gentleman suka ƙirƙira a Jami'ar Okland ta ƙasar Niyu Zilan, umurnin merge ne ke wannan aiki. Sai dai akwai haɗari. Na'ura mai ƙwaƙwalwa harafi take kwatantawa da harafi. Idan ɗaya ya rubuta "Ƙofar Durbi" da ƙ mai lanƙwasa, ɗayan kuma ya rubuta "Kofar Durbi", wurare biyu ne daban a wurinta. Kuma in ba a ce mata komai ba, layukan da suka dace kaɗai take riƙewa, ta zubar da saura ba tare da gargaɗi ba. Watakila kuwa unguwar da ta ɓace ita ce ta fi kowace sauro. Ƙara all = TRUE cikin umurnin yana sa a ga layin da ya rasa abokin haɗi, da alamar NA a gurbin da babu bayani.

Matsalar takan girma a matakin ƙasa. Ƙananan hukumomin jihar Katsina sun kai 34 ne a 1996, saboda haka sunayen da ke ƙidayar 1991 ba za su dace da na 2006 gaba ɗaya ba. Cikin ƙananan hukumomi 774 na Nijeriya kuma akwai masu suna ɗaya: akwai Obi a Binuwai, akwai Obi a Nasarawa. A nan layuka ninkuwa suke yi maimakon raguwa, don haka dole mabuɗi ya haɗa sunan jiha da na ƙaramar hukuma.

Lamba ta fi suna aminci a matsayin mabuɗi. Ko da ita ma, ɗalibi ya ƙirga layukansa da umurnin nrow kafin haɗi da kuma bayansa.