Amsoshin Tambayoyinku: Me Ya Sa 'Yar Ƙusar Dashen Haƙori Take Tsada Haka?

Tambaya: Ni mai sana'ar ƙarfe ne a Panteka, Kaduna, na daɗe ina aiki da injin juya ƙarfe. Kwanan baya na kai mahaifiyata asibitin haƙori, likita ya ce za a iya dasa mata haƙori a maimakon na roba da take cirewa da dare. Ya nuna mini abin da za a saka a muƙamuƙinta, sai na ga 'yar ƙusa ce mai murɗi, ko gaɓar ɗan yatsa ba ta kai ba. Da ya faɗi kuɗin sai da na sa ya maimaita. Wai me ke cikin ƙusar nan? Da wane inji ake yin ta? Kuma me zai hana mu yi irinta a nan gida?

Amsa: Malam, Allah Ya ƙara wa Hajiya mahaifiyarka lafiya, Ya saka maka da alheri bisa ɗawainiyar da kake yi da ita. Tunda kai ɗan sana'a ne, zan shiga cikin aikin sosai, don na san za ka gane inda wahalar take.

Ƙarfen sunansa taitaniyam, kuma ba shi ne tsadar ba. Yawancin waɗannan ƙusoshi faɗinsu milimita 3 zuwa 5 ne, tsawonsu daga 8 zuwa 14, nauyin guda kuwa bai kai giram ɗaya ba. An zaɓi taitaniyam ne saboda wani hali nasa da likitan ƙasar Suwidin, Per-Ingvar Brånemark, ya ci karo da shi a 1952. Ya saka wani ɗan bututun taitaniyam a ƙashin ƙafar zomo don nazarin gudanar jini, da ya zo cirewa sai ya tarar ƙashi ya manne da shi gam. A 1965 ya fara dasa wa ɗan Adam irin wannan ƙusa a muƙamuƙi. Jiki ba ya ƙyamar wannan ƙarfe, ƙashi yana girma ya rungume shi, kuma ba ya tsatsa a cikin yawu da jini.

Abin da ake biya shi ne awo. Kai kana aiki da milimita, wani lokaci da kashi ɗaya cikin goma nata. Masu wannan aiki kuwa sun raba milimita gida dubu, kowane kashi suna ce masa maikiron. Kaurin silin gashin kai yana tsakanin maikiron 50 zuwa 100, su kuma kuskuren da aka yarda musu a wasu wurare bai wuce maikiron 10 ba.

Za ka ce ina amfanin wannan tsanani? Abin da likita ya nuna maka kashi ɗaya ne cikin uku. Akwai ƙusar da ke shiga ƙashi, akwai ɗan mahaɗi da ke zama a kanta ya ɓullo ta dasashi, sannan haƙorin da ido ke gani. Wani ɗan mitsitsin noti ne ke ɗaure mahaɗin da ƙusar, a cikin wani rami mai kusurwoyi da aka sassaƙa a kan ƙusar. Wannan gaɓa ita ke ɗaukar nauyin tauna kullum, shekara da shekaru. In akwai 'yar tazara tsakanin sassan biyu, kowace tauna sai ta ɗan motsa su, a hankali notin ya kwance ko ya karye. Ga kuma ƙwayoyin cutar baki, waɗanda da yawansu ba su wuce maikiron ɗaya ko biyu ba. Tazarar ta zame musu maɓoya inda buroshi ba ya kaiwa, dasashi ya kumbura, ƙashin da ke riƙe da ƙusar ya fara zaizayewa. Ba a iya toshe tazarar ɗungurungum, amma iya ƙanƙantarta iya daɗewar dashen. Sannan dole mahaɗin da aka ƙera bana ya shiga daidai cikin ƙusar da aka dasa shekara goma da suka wuce. A ganina nan ne hannu ke gazawa, komai ƙwarewarsa. Gwanin maƙeri yana iya fitar da guda ɗaya mai ban mamaki, amma dubu goma iri ɗaya sak sai inji.

Injin shi ne wanda ake kira CNC, wato injin sassaƙa da kwamfuta ke tuƙawa. Injiniya yana zana abin a kwamfuta, a mayar da zanen jerin lambobi da ke gaya wa injin inda bakin yanka zai je, da saurin da zai yi, da zurfin da zai ci. Tunanin ya faro ne daga wani Ba'amurke, John Parsons, wanda ke ƙera fukafukan jirgi mai saukar ungulu a jihar Mishigan a ƙarshen shekarun 1940, kuma a 1952 jami'ar MIT ta nuna injin farko da ke karɓar umarni daga doguwar takarda mai huji-huji.

Sai dai injin da ya fi dacewa da ƙusar Hajiya ya girmi kwamfuta nesa ba kusa ba. Ka san matsalar juya siririn ƙarfe mai tsawo: da bakin yanka ya taɓa shi sai ya lanƙwashe ya kauce, tsakiya ta fito da kauri, ko ya dinga karkarwa. Masu ƙera agogo a Suwizalan sun sha wannan wahala da ƙananan notocinsu, har a shekarun 1870 wani mai suna Jakob Schweizer ya juya lamarin. A injinka ƙarfe yana tsaye wuri ɗaya yana juyawa, baki ne ke tafiya. A nasa, sandar ƙarfen ce ke zamewa gaba ta cikin wani zobe da ya riƙe ta ƙam, bakin yankan kuma yana nan dab da zoben. Ko yaushe inda ake yanka yana da madogara, saboda haka ba ya samun damar lanƙwasa. Har yau kamfanin Tornos da ke garin Moutier yana ƙera irin waɗannan injuna, haka ma Citizen da Star na Japan. Na zamani yana ɗauke da bakuna da yawa: wannan na fitar da murɗi, wancan na huda ciki, wani na sassaƙa kusurwoyin ramin, ƙusa ta faɗo a gama ba tare da hannu ya sake ɗaure ta ba. Kai ma ka san duk lokacin da aka kwance aiki aka sake ɗaurewa, awo ya ɗan goce.

Taitaniyam kuma yana da taurin kai wajen yanka. Ba ya watsa zafi kamar baƙin ƙarfe, sai zafin ya taru a bakin yankan ya cinye shi, ɓurɓushinsa ma yana iya kama wuta. Don haka ake kwarara masa mai ba ƙaƙƙautawa, ake kuma sauya baki tun bai dakushe ba. Zafin ɗaki ma abin lura ne. Sandar baƙin ƙarfe mai tsawon mita ɗaya tana ƙara kusan maikiron 12 duk lokacin da zafi ya hau da digiri ɗaya, shi ya sa duniya ta tsayar da digiri 20 a matsayin yanayin da ake auna ƙarfe. Ka kwatanta sanyin asubar hunturu a Kaduna da zafin azahar na ranar. Injin da ke rumfa buɗaɗɗiya, abin da ya yanka da safe daban, na rana daban.

Fitowa daga inji rabin tafiya ce. Ana cire kaifin gefe da yanka ya bari, a wanke man inji har ya fita tas. Sashen da zai shiga ƙashi da gangan ake mayar da shi kaushi-kaushi, ta hanyar feshin yashi na musamman da jiƙawa a ruwan asid, domin ƙashi ya fi kama kaushi. Sai a auna, a rufe a kwalba, a kashe ƙwayoyin cuta, a buga lambar rukuni. Da wannan lamba ake iya bin sawun ƙusa har zuwa sandar ƙarfen da aka yanko ta, da ranar, da injin. Ƙa'idar ISO 13485 ce ta tsara wannan ajiyar bayanai, a Najeriya kuma hukumar NAFDAC ce ke yi wa kayan aikin lafiya rajista. Ƙara da kuɗin likita, hoton muƙamuƙi, tiyata, da canjin dala, sai ka ga yadda lissafin ya kai inda ya kai.

Haƙorin saman ma sau da yawa inji ke sassaƙa shi. Werner Mörmann da Marco Brandestini na Jami'ar Zurik sun gwada irin wannan sassaƙa ta inji a kan majiyyaci a 1985, da na'urarsu CEREC. Yanzu ana yawan amfani da wani farin tangaram mai ƙarfi da ake kira zirkoniya. Ana sassaƙa shi tun yana da laushi, a yi shi ya fi girman da ake so, domin in aka gasa shi a zafin kusan digiri 1,500 yana tsukewa da kimanin kashi ɗaya cikin biyar. Kwamfuta ce ke lissafa wannan rarar tun kafin a fara yanka.

To, me zai hana mu? Ba na son in kashe maka gwiwa, kuma ba zan yi maka daɗin baki ba. Ƙusar dashe tana son injin da ya kai kuɗi masu nauyi, wutar lantarki da ba ta ƙiftawa, ɗaki mai sanyi daidai, na'urorin awo da su ma sai an riƙa tantance su, da sandar taitaniyam mai takardar shaida. In ɗaya ya ɓace, bai halatta a saka abin a jikin mutum ba. Amma kayan asibiti ba ƙusa kaɗai ba ne. Akwai almakashin tiyata, hantsaki, awartakin cire haƙori, mariƙin allura, farantan kayan aiki. Garin Sialkot na Pakistan yana sayar wa duniya irin waɗannan, kuma babban ɓangare na aikin, wato gogewa da magagari, wasawa da daidaita baki, ƙananan masu sana'a ne ke yi da hannu. Tuttlingen ta Jamus, wadda ta yi suna a wannan fage, daga masu ƙera wuƙaƙe ta taso. A can Gottfried Jetter ya buɗe ɗan shagonsa a 1867, wanda ya zama kamfanin Aesculap. Ni na yi imani hannun da ke Panteka bai gaza nasu ba. Abin da za a koya shi ne zaɓen ƙarfe marar tsatsa na ainihi, yadda ake ƙona shi ya yi tauri, da wanke shi da asid don fatarsa ta jure tururin tukunyar asibiti mai zafin digiri 134 sau ɗaruruwa. Sai kuma ɗabi'ar rubuta komai, wadda ita ce ta fi ƙaranci a rumfunanmu. Daga nan ya kamata a fara, kuma zan so in ga kwalejojin kimiyya da fasaha sun haɗa ɗalibansu masu koyon CNC da mutane irinku.

Game da Hajiya, kafin ku amince ka tambayi likita sunan kamfanin da ya yi ƙusar, kuma bayan tiyata ka roƙi a rubuta muku samfurinta, girmanta da lambar rukuninta, ku adana. Mahaɗin wani kamfani ba lalle ya shiga ƙusar wani ba, kuma in noti ya kwance bayan shekaru a wani gari, wannan takarda ce za ta nuna wa sabon likita abin da zai nema. Ka kuma gaya masa in tana da ciwon suga ko tana shan maganin ƙarfin ƙashi, domin dukansu suna shafar yadda ƙashi ke kama ƙusar, wanda kan ɗauki wata uku zuwa shida kafin a ɗora haƙori a kai.