Daga Maraɗi zuwa Damagaram: ta sama da ta ƙasa

Ɗan'uwa mai karatu, ka taɓa tafiya daga Maraɗi zuwa Damagaram? In ka taɓa, to ka san hanyar. Mota tana bin kwalta ta Cadawa, Agye, Gazawa, Tasawa da Takeita, kafin ta shiga Damagaram. Tsawon wannan hanya ya kusa kilomita 240.

Maraɗi tana da filin jirgin sama. Damagaram ma tana da nata. Amma tsakanin filayen nan biyu, ta sama, kilomita 200 ne da ɗan ɗoriya. To, ina sauran kilomitocin suka shiga?

Ga amsa. Hanyar mota ba ta miƙe ba. Tana karkata don ta ratsa garuruwa, ta kauce wa tabki da tudu. Shi ko jirgin sama ba ruwansa da wannan. Yana tafiya sak, kamar tsuntsu. Ka gwada da kanka. Ka samu taswirar Nijar da zare. Ka miƙe zaren daga Maraɗi zuwa Damagaram, ka yanke. Ka bi layin hanyar mota da wani zaren, ka yanke. In ka jera su, za ka ga na biyun ya fi tsawo.

Yanzu sai lissafin lokaci. Dokar guda ce: ka raba nisa da gudu.

Motar da ke cin kilomita 80 a awa guda: 240 ÷ 80 = awa 3.
Jirgin da ke cin kilomita 400 a awa guda: kilomita 200 rabin 400 ne, wato rabin awa, minti 30.

Amma ka yi hattara! Wannan lissafi na gudu ne kawai. Mai shiga jirgi sai ya je fili da wuri, a duba takardunsa, a auna kayansa. Lokacin hunturu kuma, in hazo ya yi yawa, jirgi kan makara, ko ma a ɗage tashinsa. Mota ita ma tana tsayawa: a ɗauki mutane, a sauke kaya, a yi salla.

Mene ne amfanin wannan gare ka? A ce ƙanenka zai ɗaura aure a Damagaram da ƙarfe 10 na safe, kai ne waliyyi. Gudun mota awa 3 ne. Ka ƙara awa 1 ta tsaye-tsaye, ya zama awa 4. Ke nan dole motarka ta bar Maraɗi da ƙarfe 6. In ka bari sai ƙarfe 8, sai ka tarar an shafa fatiha, an raba goro.

Da, sai ka tambayi ɗan kamasho ko yaron mota, ya ce maka “nan da nan ne”. Yau ka iya karatu da lissafi. In ka shiga mota, ka riƙa duba duwatsun kilomita da ke bakin hanya. Za su gaya maka abin da ya rage.

Tambayoyi
1. Me ya sa hanyar mota ta fi ta jirgi tsawo?
2. Mota mai cin kilomita 60 a awa guda, awa nawa za ta yi a kilomita 240?
3. Rubuta sunayen garuruwa uku da ke kan wannan hanya.