Yadda Ake Farautar Ɓoyayyar Ajiya a Tsohuwar Unguwa

Wasan da ake kira jiyokashin ba shi da wuyar bayani. Wani zai ɓoye 'yar roba mai murfi a wani lungu, da ɗan littafi a cikinta, sannan ya ɗora lambobin GPS na wurin a shafin Geocaching.com. Kai kuma ka buɗe manhajar shafin a waya, ka bi kibiya har ka gano robar, ka rubuta sunanka da kwanan wata, ka mayar yadda ka tarar. Ba kuɗi ake samu ba. An faro shi ne a watan Mayun 2000, lokacin da gwamnatin Amurka ta daina dagula saƙon GPS da farar hula ke karɓa. Ranar 3 ga watan wani mai suna Dave Ulmer ya ajiye baƙin bokiti a dajin Beavercreek da ke jihar Oregon, ya baza lambobinsa a intanet. Yau irin wannan ajiya ta haura miliyan 3 a duniya.

Ni a Saltaire na koya, ƙauyen da Titus Salt ya gina wa ma'aikatan masaƙarsa a gefen Bradford, arewacin Ingila. An buɗe masaƙar a 1853, ta daina aiki a 1986. Malamina a wannan harka wani dattijo ne maƙwabcina, haifaffen wurin, wanda mahaifiyarsa ta yi aiki a masaƙar. Ya jera ajiyarsa a kan hanyar ƙafa da ke bin gaɓar mashigin ruwan da aka haƙa tsakanin Leeds da Liverpool, kuma kowace roba tana inda ya yi ƙuruciya: nan suke kamun kifi, can suke iyo a ɓoye kada iyaye su sani, ga hanyar da suke bi su tsallaka kogin Aire zuwa filin Roberts Park. A shafin kowace ajiya ya rubuta layi biyu ko uku na abin da ya faru a wurin. Yawancin waɗanda na gani a harkar 'yan fansho ne irinsa, sai iyaye masu neman dabarar fitar da yara daga ɗaki.

Dokokin mai ɓoyewa kaɗan ne. A nemi izinin mai wuri. Ba a haƙa rami. Ba a sa abinci, don karnuka da yanyawa za su tono. Tsakanin ajiya da ajiya a bar aƙalla mita 161. Sai wani ɗan sa-kai ya duba ya amince kafin ta fito a taswira, da taurari daga 1 zuwa 5 masu nuna wuyar nema da wuyar hanya. A Ingila kuma ba a yarda a cusa roba cikin katangar duwatsun da aka jera babu siminti ba, domin masu nema sai sun zare duwatsun sun rushe ta.

Tafiyar kowa ma zai iya. Inda gizo ke saƙar shi ne mita goman ƙarshe. Waya tana kai mutum kusa ne kawai, kuma a ƙarƙashin bishiyoyi ko jikin dogon gini sai kibiyar ta rikice, ta ce gabas, ka taka biyu ta ce yamma. Nan ake gane sabon shiga: ido a kan waya, yana ta kewaye wuri ɗaya har ya gaji. Dattijon nan yakan ce mini, “Sa ta a aljihu. Da kai yaro ne ɗan shekara goma, ina za ka ɓoye abinka a nan?” Daga nan aikin ido ne da hannu. Ka nemi abin da bai dace da wurinsa ba: ƙirare da aka jera su tsaf a gindin bishiya, dutse ɗaya fes alhali 'yan'uwansa duk gansakuka ta rufe su, kan ƙusa da ya fi sauran ƙyalli. Wata ajiyar ba ta kai kan ɗan yatsa ba, maganaɗisu ne ke riƙe da ita a ƙasan bencin ƙarfe, sai ka tsuguna ka shafa za ka ji ta. Wadda ta fi burge ni tana cikin wani kogo tsakanin saiwoyin tsohuwar bishiya, daidai inda dattijon da abokansa suke ɓoye danƙon harbin tsuntsu. Baƙo zai wuce wurin sau ɗari bai lura ba. Duk wanda ya yi wasan ɓuya a dandali da farin wata ya san cewa ɗan unguwa kaɗai ya san maɓoyar kirki, kuma a ganina wannan sanin ne ya sa jerin dattijon ya fi na waɗanda suka zaɓi wuri daga taswira.

Idan ka samu, kada ka ciro a gaban masu wucewa. Ka dakata, ko ka yi kamar kana ɗaure takalmi. Abin ba wasa ba ne: a 2011 an ga wani yana ajiye roba a tsakiyar garin Wetherby, aka zaci bam ne, aka rufe kantuna, sojoji suka zo suka tarwatsa ta. In ka ɗauki ɗan abin wasa daga ciki, ka bar wani a madadinsa. In ka rasa, ka rubuta a shafin cewa ba ka gani ba, don ta haka mai ajiyar ke sanin ko an sace.

Mai son ya shirya irin wannan a unguwarsu, a Zariya ne ko Damagaram, ya fara sanar da mai unguwa da jami'an tsaro, ya yi amfani da robar da ake hango cikinta, ya rubuta abin da take a jikin murfin. Kafin ya zaɓi wurare kuma, ya je ya zauna da dattawan unguwar su nuna masa inda suka yi wasa.