Amsoshin Tambayoyinku: Wa ke Riƙe da Makarantun Gwamnati a Libreville?

Wani mai sauraronmu daga unguwar Derrière la Prison a Libreville ya tambaya: wa ke tafiyar da firamaren gwamnati da 'ya'yansa ke zuwa?

To Malam, akalar tana hannun Ma'aikatar Ilimi ta Gabon. Ita ke tura malamai, ita ke tsara manhaja. Umarni kan sauko ta ofishin ilimi na lardin Estuaire, inda Libreville take, zuwa sufetocin yanki, sannan shugaban makaranta. Firamare shekara 5 ce, da Faransanci, a kammala da jarrabawar CEP.

Inda gizo ke saƙa shi ne cunkoso da yawan maimaita aji, ga yajin aikin malamai kan haƙƙoƙinsu. Abin da ya fi damunmu cunkoson ne, domin yaro mai rauni kan ɓace wa malami. Ka shiga ƙungiyar iyayen yara, ka riƙa duba littattafan yaranka.