Kuɗi cikin salula

Da can, in ɗan ci-rani zai aika kuɗi gida, sai ya ba direba ko wani matafiyi amana. Saƙon yakan yi kwanaki bisa hanya, wani lokaci ma ya salwanta.

Wajen shekara ta 2001 salula ta fara yaɗuwa a Nijar. Yau da ita ake aika kuɗi daga Yamai zuwa Tasawa nan take.

Yaya hakan ke faruwa? Takardun kuɗi ba su tafiya cikin iska. Mai aike yana ba wakilin kamfanin waya jika 10. Babbar kwamfutar kamfanin ta rubuta su cikin asusunsa, kamar yadda ɗan kasuwa ke rubuta lissafi a littafi. In ya aika, sai ta rage kuɗin daga asusunsa, ta ƙara a na mahaifiyarsa. Ita kuma ta je wurin wakilin garinsu ta karɓa.

Amma kwamfuta ba ta san fuskar kowa ba. Lambar sirri take tambaya. Wanda ya sami lambar, ya sami mabuɗin rumbu. Shi ya sa macuta ke kiran mutane, su ce su ma'aikatan kamfani ne. Ma'aikacin gaskiya ba ya tambayar lambar sirri. Yara, ku gaya wa iyayenku wannan.

Tambayoyi
1. Ina ake rubuta kuɗin da aka aika?
2. Jika 10 dala nawa ce?
3. Don me ake ɓoye lambar sirri?