Darasin Turanci: Yadda Turawa Suke Faɗin Shiga Wahala

Darasinmu na wannan wata domin mutum iri biyu ne. Na fari shi ne ɗan makaranta. Takardar Turanci ta WAEC, watau hukumar jarrabawa ta Afirka ta Yamma wadda aka kafa a 1952, da ta NECO wadda aka kafa a 1999, dukansu suna da sashen da akan ba yaro magana mai ɓoyayyar ma'ana, a ce ya zaɓi fassararta. Yara da yawa sukan faɗi a nan, ko da sun san kowace kalma ɗaya ɗaya. Na biyu shi ne mai nema. Garin Darki yana bakin hanyar Kano zuwa Maiduguri, a ƙasar Wudil. Daga kasuwar Darki, da kuma karar shanu ta Wudil wadda take ci ran Jumma'a, ana lodin kaya da dabbobi zuwa Kudu har Ikko. Mai kaya yana gida, dukiyarsa tana hanya, labari kuwa yakan zo masa ta waya, sau da dama da Turanci. In bai gane nauyin maganar ba, ko ya firgita a banza, ko ya yi sakaci a inda ya kamata ya tashi tsaye.

1. Kalmomin gindi

Mu Hausawa muna da wahala, da matsala, da rigima, da fitina, da ƙunci, da haɗari, da masifa, kowace da wurinta. Wanda ya buɗe ƙamus na Bargery, wanda aka buga a 1934, zai ga yalwar harshenmu a wannan fanni. Kalmarmu ta "wahala" ma ta yi tafiya, har ta zama 'yar gida a Turancin kasuwa na Ikko da Fatakwal. Turanci kuma yana da nasa. Ga waɗanda suka fi muhimmanci:

"Trouble" ita ce uwa. Tana ɗaukar wahala, da rigima, da damuwa.
"Problem" matsala ce wadda ake neman maganinta.
"Difficulty" wuya ce, abin da ba ya yiwuwa da sauƙi.
"Danger" haɗari ne, abin da ya shafi rai ko lafiya.
"Distress" ƙunci ne mai tsanani, na zuciya ko na jiki.

A lura da abu uku.

Na ɗaya, a wannan ma'ana ba a sa "a" gaban "trouble". Akan ce "He is in trouble", ba a cewa "in a trouble". Amma "problem" ana ƙirga ta: "I have a problem", "I have two problems".

Na biyu, ƙaramar kalma tana juya ma'ana gaba ɗaya. "He is in trouble", watau ya shiga wahala, yawanci da hukuma ko da na gaba da shi. "He makes trouble", watau shi ne mai ta da fitina. "He took the trouble to come", watau ya ɗauki ɗawainiyar zuwa, wannan kuwa yabo ne. "He is asking for trouble", watau yana tsokanar abin da zai dame shi. Akwai kuma wata tsohuwar sakaya ta Turawa: in suka ce saurayi "got a girl into trouble", nufinsu ya yi mata ciki ba aure. Kada a yi wa kowa wannan magana da ganganci.

Na uku, kada a gama "in danger" da "dangerous". Uban da ya kai ɗansa asibiti ya ce "My child is dangerous" ya gaya wa likita ɗansa abin tsoro ne, yana iya yi wa mutane lahani. Abin da yake nufi shi ne "My child is in danger", watau ran yaron yana cikin haɗari.

2. Ruwan zafi da tukunya

Yanzu bari mu shiga maganganun da ba a fassara su kalma kalma.

"In hot water." In aka bugo waya aka ce "Your driver is in hot water", ba wanka direban yake yi ba. Ya yi laifi ne, hukuma ta riƙe shi, ko maigidansa ya fusata da shi. Mu ma da ruwan zafi muke kwatanta wannan, gama mukan ce ya ɗebo ruwan dafa kansa. Sai dai tamu ta fi nuna cewa shi ya jawo wa kansa.

"In the soup", "in a pickle", "in a jam", "in a fix." Duk huɗun ma'anarsu ɗaya, mutum ya shiga tsaka mai wuya, amma irin wadda ake iya faɗi da murmushi, kamar wanda mai ya ƙare masa tsakanin Wudil da Darki da magariba. Ba a faɗinsu ga rashi ko ciwo mai tsanani.

"Out of the frying pan into the fire." Watau daga cikin kaskon suya zuwa cikin wuta. Manomi ya ci bashin taki, ya kasa biya, ya je ya ci wani mai ruwa domin ya biya na fari. Bahaushe ya ce an yi gudun gara an faɗa gidan zago, ko kuwa an gudu ba a tsira ba.

"It never rains but it pours." Ruwan sama ba ya zuwa sai da yawa, watau wahala takan zo da 'yan'uwanta. Mota ta lalace a hanya, tumatirin da ke ciki ya fara ruɓa, ga kuma farashi ya faɗi a kasuwar Mile 12 kafin a isa. Namu shi ne ana kukan targaɗe sai ga karaya, ko kuwa ana wata ga wata.

3. Teku da ƙanƙara

Ingila a kan tsibiri take, mutanenta kuwa sun daɗe suna tuƙin jiragen ruwa, ƙasarsu kuma tana da sanyi. Saboda haka teku da ƙanƙara sun cika maganarsu, kamar yadda kura da rijiya suka cika tamu.

"In deep water." Mutum ya shiga ruwan da ya fi tsawonsa, watau al'amari ya fi ƙarfinsa. Wannan ta fi "hot water" nauyi, gama ana iya nutsewa.

"High and dry." A bakin teku ruwa yakan cika, ya kuma janye, sau biyu kowace rana. Jirgin da ruwa ya janye ya bari bisa yashi ba shi da ta yi. Wanda ya taɓa ganin kwalekwale kwance bisa rairayi a kogin Wudil da rani ya riga ya gane hoton. "His partner left him high and dry", watau abokin cinikinsa ya gudu ya bar shi ba tudun dafawa. Kusa da ita a Hausa shi ne ruwa ya ƙare wa ɗan kada.

"Between the devil and the deep blue sea." Tsakanin Shaiɗan da teku mai zurfi. Mutanen Amurka sun fi cewa "between a rock and a hard place". Makiyayi ya rasa ciyawa, in ya sayar da saniya yanzu ya yi hasara, in ya riƙe ta ta rame ta mutu. Gaba kura, baya siyaki ke nan.

"On thin ice." A ƙasashen sanyi tafki yakan daskare har a yi tafiya a bisansa. In ƙanƙarar ba ta da kauri, sai ta fashe da mutum. Malami ya ce wa ɗalibi "You are on thin ice", watau bai faɗa ba tukuna, amma kuskure ɗaya ya rage. Wannan gargaɗi ne, mai hankali kuwa yakan tuna wanda bai ji bari ba ya ji hoho.

4. Turke, raƙumi, da bashi

Waɗannan ba su da wuya ga mai kiwo da ɗan kasuwa.

"At the end of his tether." "Tether" ita ce igiyar da ake ɗaure dabba da ita a turke. Akuya ta cinye ciyawar da igiya ta kai, ta ja, ba ƙari. Haka mutumin da ƙarfinsa da haƙurinsa suka ƙare. Matar da ta kwana bakwai tana jiyyar yaro ba barci tana iya faɗin wannan a kan kanta. In ka ji wani ya faɗe ta, taimako yake nema.

"The last straw." Asalinta maganar raƙumi ce wanda aka yi ta labta wa kaya, har tsinke ɗaya na ƙarshe ya karya masa baya. Ƙaramin abu ne wanda ya zo bayan manya ya sa haƙuri ya ƙare. Mu mukan ce tura ta kai bango.

"In the red." Akawun dā sukan rubuta hasara da bashi da jar tawada, riba kuwa da baƙa. Ciniki ko asusun banki da yake "in the red" bashi ake binsa. Wanda yake "in the black" yana da rara.

"Up to his neck in debt." Bashi ya kai masa iya wuya. A nan harsunan biyu sun yi daidai.

"To stir up a hornets' nest." Taɓa gidan rina. Wanda ya tono tsohuwar maganar iyakar gona wadda dattawa suka binne, wannan ya yi. Mu mukan ce ya tsokano tsuliyar dodo.

"To face the music." Babu kiɗa ko rawa a ciki. Ma'anarta mutum ya tsaya ya karɓi sakamakon abin da ya aikata. Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa.

5. Fita daga wahala

"Off the hook", watau ya kuɓuce daga ƙugiya kamar kifi, an sake shi ba horo. "A close shave", ko "a narrow escape", watau ya tsallake rijiya da baya, ya sha da ƙyar. "Not out of the woods yet", watau bai fita kurmi ba tukuna. In likita ya faɗi wannan a kan majiyyaci, nufinsa an sami sauƙi amma haɗari bai wuce ba, kada a daina magani, kada a ɗauke shi zuwa gida.

6. Kowace al'umma da madubinta

Domin mu tabbata ba Turanci kaɗai yake haka ba, bari mu leƙa ƙasar Folan, a tsakiyar Turai. Inda Bature ya ce daga kasko zuwa wuta, mu kuma muka ce daga gara zuwa zago, mutumin Folan yakan ce ya guje wa ruwan sama ya tsaya ƙarƙashin indararo. Inda muka ce gaba kura baya siyaki, shi yakan ce tsakanin guduma da maƙera, maganar da kowane maƙeri zai gane. Wanda ya jawo wa kansa kuwa, sukan ce masa, kai ka dafa giyar, sai ka shanye ta. Bashi ma a wurinsu ba wuya yake kaiwa ba, har kunne yake kaiwa. Wahala ɗaya ce, amma kowa da abin gidansa yake kwatanta ta.

Daga nan muna koyon doka mai sauƙi: ma'ana ake fassarawa, ba kalma ba. Wanda ya ce wa Bature "I have entered three" domin ya shiga uku, Baturen zai tambaye shi, uku na mene? Sai ya ce "I am in serious trouble".

7. Inda ba a yin karin magana

Karin magana gishiri ne, ba tuwo ba. Cikin takardar neman aiki, ko ta neman shiga makaranta kamar jami'ar kimiyya da fasaha ta Wudil, wadda aka buɗe a 2001 aka kuma sa mata sunan Aliko Dangote a 2022, a yi magana a fili: "I have a financial problem", ba "I am in the soup" ba. A asibiti a faɗi inda ke ciwo da kwana nawa. A gaban 'yan sanda da alƙali kuwa, kada kunya ta sa mutum ya gyaɗa kai ga abin da bai gane ba. Tsarin mulkin Nijeriya na 1999, sashe na 36, ya ba duk wanda ake tuhuma da laifi ikon samun tafinta kyauta in bai ji harshen da ake shari'ar da shi ba. Ga magana biyu da ya kamata kowa ya haddace, ya kuma koya wa iyalinsa: "I do not understand" da "I need an interpreter". Kada kuma a sa hannu ko a dangwala yatsa a takarda sai an karanta wa mutum ita da harshen da yake ji.

Aikin wannan wata

A zauna bibbiyu, ɗaya ya karanta, ɗaya ya amsa da Hausa.

1. Mene ne bambancin "He is in trouble" da "He makes trouble"?
2. Wanne uba zai faɗa wa likita, "in danger" ko "dangerous"? Don me?
3. Kawo karin maganar Hausa da ta dace da "It never rains but it pours".
4. Ɗan kasuwa ya ce "My business is in the red". Riba ya ci ko hasara?
5. Likita ya ce "She is not out of the woods yet". Me dangi za su yi?
6. Juya wannan zuwa Turanci, ba kalma kalma ba: Direban ya tsallake rijiya da baya a gadar Wudil.
7. Tambayi wani dattijo a unguwarku karin magana uku a kan wahala waɗanda ba su cikin wannan darasi, ka rubuta su a littafinka, ka nemi na Turanci da suka yi kusa da su.

Wanda ya iya karatu ya taimaki wanda bai iya ba. A wata mai zuwa za mu duba kalmomin ta'aziyya da na gaishe da marar lafiya, da kuma dalilin da ya sa "sorry" ta Bature ba ta cika daidai da "sannu" tamu ba.