Darasi na 14: Tafasa

Kowa ya san tafasa. Da ruwa ya sauka takan fito da kanta, ba wanda ya shuka ta. A dā Daurawa da Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni duk gonaki ne a bayan birnin Kano, mata na fita su tsinko ta kyauta. Yanzu gidaje sun cinye filin. Wadda ta rage sai a bakin kwata da kan juji, inda ƙazanta take. Saboda haka gara mutum ya shuka tasa a gida.

Ga yadda ake yi. Da kaka a tara kwanson da ya bushe, a ɓare, a adana irin. Irin yana da tauri, sai a jiƙa shi kwana ɗaya kafin shuka. In damina ta zauna a shuka a bayan ɗaki, ko cikin tsohuwar tukunya. A tsinki ganye tun yana ɗanye, kafin fure ya fito. A wanke, a dafa, a zubar da ruwan, a yi kwaɗo da ƙuli-ƙuli. Wanda ya rage a shanya a inuwa don rani. A shekarar fari ta 1973, ganye irin wannan ya riƙe gidaje da yawa.

Tun kaka da kakanni ana magani da ita. Mai taurin ciki yakan sha ruwan ganyen kaɗan, cikinsa ya saki. Akan daka ganyen a shafa wa ƙora da makero. Amma mai ciki da jariri da mai zawo kada su sha. In ciwo ya wuce kwana uku, a tafi asibiti. Ga Asibitin Malam Aminu Kano nan a hanyar Zariya.

A kula, tafasa tana da ɗan'uwa, sunansa rai-ɗore. Ganyen tafasa shida ne, bibbiyu, bakinsu a zagaye, kwansonta siriri ne kamar lauje. Ganyen rai-ɗore yana da tsini, kwansonsa kuwa mai faɗi. 'Ya'yansa suna lalata hanta, suna iya kashe yaro. Kada a bar yara su ci.

Tambayoyi
1. Don me za mu shuka tafasa a gida?
2. Su wa ne bai kamata su sha ruwanta ba?
3. Yaya za ka bambanta ta da rai-ɗore?